Iska mai juyawa da ƙaramin jirgin sama: abin da ya faru cikin hamada a 1920

 

Darasinmu na yau na tarihi ne. Za mu yi magana bisa ƙananan jiragen sama, da wahalar da suke sha wurin sauka in iska ta juya.

Wataƙila wani ya ce: ina ruwana da jirgin sama, ni da ko mota ban cika shiga ba? To, ɗan'uwa, da ruwanka. Ƙaramin jirgi ne yake feshin magani in fara ta sauko wa gonaki, kamar yadda aka gani a 1988 da 2004. Shi ne kuma yake ɗauko marar lafiya daga nesa. Sau da yawa filin da yake sauka na ƙasa ne, a bayan gari, kusa da gonarka ko wurin kiwonka. Ranar da zai sauka, mai yiwuwa kai ne mutum na farko da matuƙi zai hango daga sama.

Kafin mu shiga labari, ku dubi kalmomin nan biyu: hadari da haɗari. Hadari shi ne gajimare mai kawo ruwa. Haɗari, mai ɗ da lanƙwasa a kai, shi ne tsautsayi. Za ku gamu da su duka cikin wannan darasi. Ku karanta a hankali.

Hamada a zamanin mulkin mallaka

A shekara ta 1920 Faransa ce take mulkin Aljeriya da Nijar da ƙasar da ake kira Mali yanzu. Tsakaninsu hamada ce. Ayarin raƙuma yakan yi watanni kafin ya ƙetare ta.

Mutanen Agadas ba su manta da yaƙin Kaosan ba. Ya kewaye barikin Faransawa daga watan Disamba na 1916 har farkon Maris na 1917. Sai bayan kusan wata uku sojoji suka iso daga Damagaram. Irin wannan jinkiri ne ya sa Faransawa suke neman hanya mai sauri. Suka ce bari su gwada jirgin sama.

Har zuwa lokacin, babu jirgin da ya taɓa ƙetare hamada daga arewa zuwa kudu. A watan Fabrairu na 1920 waɗansu jirage suka taso daga arewacin Aljeriya, suna yada zango, har suka kai Tamanrasat. Daga nan jirage biyu za su ci gaba zuwa kogin Kwara.

Jiragen nan ana kiransu Breguet. Kowane yana da fukafukai hawa biyu, sama da ƙasa, da inji guda, da kujera biyu. Babu rufi bisa kan matuƙi. Kumandan Vuillemin ne yake tuƙa na gaba. Wani soja mai suna Bernard yana tuƙa na biyu, tare da makanikinsa, wani saurayi mai suna Vasselin.

Akwai mutum na uku cikin jirgin Bernard. Shi ne Janar Laperrine, wanda za mu riƙa rubuta sunansa Laferin don sauƙin karatu. Shekarunsa 59. Shi ne ya kafa rundunar sojojin raƙuma ta Faransa cikin hamada a 1902, da ita kuma aka mallake ƙasashen Abzinawa masu yawa. Ya yi shekaru bisa raƙumi, ya san rijiyoyi da duwatsu. Amma jirgi kujera biyu gare shi. Sai Janar ya zauna bisa cinyar makaniki. Babu ɗamarar da ta riƙe shi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ranar 18 ga Fabrairu

Da safe jiragen biyu suka tashi daga Tamanrasat. Suna nufin wani wuri da ake kira Tin Zawatan, wanda yake kan iyakar Aljeriya da Mali a yau. Lokacin hunturu ne. Ba su yi nisa ba sai hazo ya rufe ƙasa. Suka hau sama ƙwarai don su fita daga ƙura. Daga can ba a ganin hanya, ba a ganin alamun da za su bi.

A can sama akwai iska mai ƙarfi. Ta yi ta tura su wajen gabas, su kuwa ba su sani ba. Hancin jirgi yana duban inda suke so, amma jirgin yana gocewa gefe. Wanda ya taɓa shiga kwalekwale a kogi ya san haka: ka nufi wancan itace na ƙetare, ruwa ya sauke ka can ƙasa da shi.

Daga baya jiragen biyu suka ɓace wa juna. Wajen tsakar rana isansin Bernard ya kusa ƙarewa. Dole ya sauka. Ya hango wani fili shimfiɗaɗɗe, ya nufe shi.

Babu kowa a wurin. Babu hayaƙi, babu tuta, babu ko itace mai kaɗawa da zai nuna masa inda iska take fitowa. Iskar ƙasa kuwa dabam take da wadda ya baro a sama. Da ya kusa taɓa ƙasa sai iska ta buge jirgin, fiffike guda ya karkata. Ƙafafun jirgin suka taɓa ƙasa, suka ɗan yi gudu, suka nutse cikin rairayi mai taushi. Jirgin ya kife, ƙafafu a sama.

Bernard ya fito lafiya. Makaniki ya ɗan ƙuje. Janar Laferin, da ba a ɗaure yake ba, shi ne ya ji ciwo ƙwarai. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, haƙarƙarinsa ma sun karye.

Kwana 25 cikin rairayi

Mutanen uku suka ɗauki ruwa, suka kama tafiyar ƙasa, suna zaton akwai rijiya kusa. Amma ba su san inda suke ba, tun da iska ta kai su nesa da hanya. Bayan ƴan kwanaki suka komo wurin jirgi, a gajiye. Suka fake a inuwar fiffike. Da ruwan sha ya yi kaɗan, suka riƙa shan ruwan da yake sanyaya inji.

Masu nema sun fita bisa raƙuma. Amma suna nema ne bisa hanyar da aka shirya tun farko, can yamma.

Ranar 5 ga Maris, kwana 16 bayan faɗuwar, Janar Laferin ya mutu. Sauran biyun suka rufe shi da rairayi. Ranar 14 ga Maris waɗansu sojojin raƙuma, tare da wani hafsa mai suna Pruvost, suna kan hanyar Agadas, suka yi kiciɓis da jirgin. Suka tarar da Bernard da Vasselin da sauran numfashi. Kwanansu 25 ke nan. Aka ɗauki gawar Janar aka kai Tamanrasat.

Shi kuwa Vuillemin, shi ma iska ta gotar da shi, amma ya sauka lafiya. Ya kai Menaka, daga baya ya isa Dakar a ƙarshen watan Maris. Shi da abokin tafiyarsa ne suka fara ƙetare hamada cikin jirgin sama.

Ku duba ku gani. Injin Bernard bai lalace ba. Ba a harbe shi ba. Hazo ya ɓoye masa hanya, iskar sama ta gotar da shi, iskar ƙasa ta kifar da shi. Masu magana sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Ƙaramin jirgi kuwa mai kayan kara ne.

Me ya sa iska take da ƙarfi haka wurin sauka?

Ku tuna da balbela ko ungulu. In za ta sauka, sai ta juya ta fuskanci iska. Jirgi ma haka yake yi.

Abin da yake riƙe jirgi a sama shi ne iskar da take bi ta kan fukafukansa. In iskar nan tana wucewa da sauri, jirgi ya ɗagu. In ta rage ƙwarai, fiffike ya daina ɗauka, jirgi ya sulluɓo ƙasa.

Mu ɗauki misali da wani ƙaramin jirgi da ake kira Cessna 172. An fara sayar da shi a 1956, an kuma ƙera fiye da 40.000. Kujera huɗu gare shi. In an cika shi da mutane da isansi, nauyinsa kamar buhu 11 ne na gero masu kilo 100. In zai sauka, yana son iska ta riƙa wuce fukafukansa da saurin kilomita 120 a awa. In ta faɗo wajen 90, fiffike ya kusa daina ɗauka.

To, ga lissafi. Ku ɗauko alli.

A ce iska tana busowa daga gaba da saurin kilomita 30. Jirgi yana ratsa iska da 120. Bisa ƙasa kuwa gudunsa 120 a cire 30, watau 90. Wannan ya yi daidai. Zai taɓa ƙasa a hankali, ya tsaya da wuri.

A ce kuma iskar tana baya. Yanzu gudunsa bisa ƙasa 120 a ƙara 30, watau 150. Zai ci fili mai yawa kafin ya tsaya. Littafin da masu ƙera jirgin suka rubuta ya nuna cewa iskar baya ta kilomita 18 kawai tana ƙara rabin tsawon filin da yake bukata. In da mita 400 zai ishe shi, yanzu sai 600. In fili ya ƙare, sai itatuwa ko rami.

Na uku shi ne mafi muni. Jirgi ya taho yana fuskantar iska ta 30, gudunsa bisa ƙasa 90. Yana gab da sauka sai iskar ta ɗauke gaba ɗaya. Nan take abin da yake wuce fiffike ya koma 90. Jirgi ya nutsa. In da yana can sama, matuƙi zai ƙara wuta ya gyara. Amma tsakaninsa da ƙasa bai wuce tsawon giginya ba. Lokacin gyara kaɗan ne.

Akwai kuma iskar gefe. Mai keke ya san ta. Tana shiga ƙarƙashin fiffike guda ta ɗaga shi, ɗayan ya nufi ƙasa. Iskar gefe mafi ƙarfi da aka gwada wannan jirgi da ita wurin sauka ita ce ta kilomita 28 a awa. Iskar hunturu ta hantsi takan wuce haka.

Abin da aka koya bayan 1920

Tafiyar jirage ba ta tsaya ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano daga Masar. A ƙarshen 1933 Vuillemin ya komo da jirage kusan 30, suka sauka Yamai da Damagaram, suka wuce Cadi. Sannu a hankali aka gane cewa jirgi a sama yana bukatar mutum a ƙasa.

Abu na farko shi ne nuna wa matuƙi iska. A filayen daji akan hura wuta mai hayaƙi a gefe. Matuƙi ya dubi inda hayaƙi ya nufa, ya sauka yana fuskantar inda ya fito. A filayen da aka gyara kuwa sai aka kafa dogon ƙarfe, aka rataya masa wani buhu mai buɗaɗɗen baki, sau da yawa ja da fari. Mu kira shi buhun iska. Wutsiyarsa tana nuna inda iska ta nufa. In ya rataya, iska kaɗan ce. In ya miƙe sosai, iska ta kai kilomita 28 ko fiye. In yana tashi yana faɗuwa, ko yana waiwaye, to iska ba ta tsaya wuri guda ba, matuƙi ya yi hattara.

Abu na biyu shi ne shimfiɗa fili daidai da iskar ƙasa. Ku dubi filin jirgin Yamai ko na Maraɗi. Daga gabas zuwa yamma suke kwance. Dalili shi ne, a ƙasarmu iska ta fi zuwa daga wajen gabas da rani, daga wajen yamma da damana. Matuƙi yana iya shigowa ta kowane kai, gwargwadon iskar ranar.

Abu na uku shi ne awo da ba da labari. A watan Disamba na 1959 ƙasashen Afirka da yawa, har da Nijar, suka kafa hukumar ASECNA don kula da lafiyar tafiyar jirage. A 1963 aka buɗe makaranta a Yamai, inda ake koyar da masu awon iska da masu yi wa jirage jagora ta radiyo. A manyan filaye, kafin jirgi ya sauka, ana gaya wa matuƙi inda iska take fitowa da ƙarfinta.

Iskar da take faɗowa daga hadari

Duk da haka akwai wata iska da masana suka daɗe ba su gane ta ba. Manyan jirage ne suka sa aka gane ta, bayan an yi hasarar rayuka.

Ranar 24 ga Yuni 1956 wani babban jirgin Ingila mai inji huɗu ya tashi daga Kano, hadari yana gab da fili. Yana tashi sai iska ta juya, ta koma bayansa. Ya kasa hawa, ya bugi itace. Mutum 32 suka rasu cikin 45.

Ranar 24 ga Yuni 1975 kuma, a birnin New York na Amurka, wani babban jirgi ya faɗi yana gab da sauka cikin hadari. Mutum 113 suka rasu. Wani malamin jami'ar Chicago, haifaffen Japan, mai suna Fujita, ya binciki abin. Ya nuna cewa wani lokaci iska mai sanyi takan faɗo daga cikin hadari kai tsaye, kamar an tuntsurar da ruwan tulu. In ta bugi ƙasa sai ta watsu kowane gefe. Faɗinta ba ya wuce kilomita 4, kuma mintoci kaɗan take yi.

Jirgin da ya shiga cikinta yana gamuwa da iska uku a jere. Da farko ta gaba, ta ɗaga shi. Matuƙi ya rage wuta. Sa'an nan ta sama, ta danne shi. Daga ƙarshe ta baya, ta ƙwace masa ƙarfin fiffike. Irin wannan juyin iska yana cikin abin da masu bincike suka samu a haɗarin Abuja na 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki, Allah ya jiƙansa.

Bayan binciken Fujita an sa wa manyan jirage da waɗansu manyan filaye na'urorin da suke yin gargaɗi. Amma yawancin ƙananan jirage ba su da su. Filin bayan gari ma ba shi da su. A can, matuƙin yau bai fi Bernard da yawa ba: idonsa, da buhun iska, da mutanen ƙasa.

Iskokin ƙasarmu

Ku manoma da makiyaya kun fi kowa sanin iskar garinku. Mata masu shiƙar hatsi sun san inda za su juya baya. Bari mu jera su.

Da hunturu iska tana zuwa daga gabas maso arewa. Da dare takan kwanta, da hantsi ta taso da ƙarfi. Tana kawo hazo, matuƙi ya kasa ganin fili.

Da bazara ƙasa tana zafi. Guguwa takan tashi da tsakar rana, ba sallama. In ta ratsa fili lokacin da ƙaramin jirgi yake sauka, tana iya karkatar da shi. Iska mai zafi kuma ba ta ɗaukar fiffike kamar mai sanyi, don haka jirgi yana bukatar fili mai tsawo. Shi ya sa matuƙa suka fi son sassafe.

Da farkon damana abin ya fi haɗari. Kun sani. Iska mai laushi tana kaɗawa daga yamma maso kudu. Sai gabas ta yi ja, ƙura ta taso kamar ganuwa. Cikin ƴan mintoci iska ta juya gaba ɗaya, ta taho daga gabas da ƙarfin da yake kwashe rufin ɗaki. Tana riga ruwan isowa. Jirgin da ya shirya sauka yana fuskantar yamma, sai ya tarar iska ta koma bayansa.

Dabarun matuƙi

Matuƙi mai hankali yakan kewaya fili tukuna, ya dubi buhun iska, ya dubi ko akwai dabbobi. In iska tana bugowa tana saki, sai ya ƙara ɗan gudu, don ko ta ɗauke fiffike ba zai kasa ba. In iskar gefe ce, sai ya karkatar da fiffiken da yake wajen iska, ƙafar wannan gefe ta fara taɓa ƙasa.

Babbar dabara kuwa ita ce fasawa. In ya ga saukar ba ta yi daidai ba, sai ya ba inji wuta duka, ya koma sama, ya sake kewayowa. In hadari ya rufe fili, ya tafi wani gari ko ya koma inda ya fito. Don haka ne doka ta ce ya ɗauki isansi fiye da na tafiyarsa. Bernard bai sami wannan dama ba, gama isansinsa ya ƙare. Sau guda kawai yake da shi.

In kun ga jirgi ya sauko har ƙasa-ƙasa ya sake tashi, kada ku ce matuƙin bai iya ba, ko tsoro ya ji. Aikinsa ne yake yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Naku aikin

In akwai filin jirgi kusa da garinku, ga abin da ake roƙonku.

Kada a noma fili, kada a bi ta kansa da amalanke in ƙasa ta jiƙe. In suri ya fito ko ruwa ya yi rami, a gaya wa maigari a gyara. Ƙafar ƙaramin jirgi ƙarama ce, rairayi mai taushi ko rami kaɗan ya isa ya kifar da shi.

Kada a taɓa buhun iska. Ba ƙyallen banza ba ne. In ya yage ko ya naɗe jikin ƙarfe, a sanar da mai kula da fili.

In babu buhun iska, kuma hukuma ta ce a yi hayaƙi, a hura wutar can gefe, nesa da inda jirgi zai bi, nesa da busasshiyar ciyawa. A tsaya kusa da ita har a kashe ta.

In kun ji ƙarar jirgi, ku kore dabbobi, ku tsare yara. In ya fasa sauka, kada kowa ya shiga fili, yana komowa. Ku tsaya nesa da gefen fili, domin iska tana iya fitar da shi daga hanya. Kada a kusanci jirgi sai farfela ta tsaya cik.

In Allah ya sa ka shiga ƙaramin jirgi, ko don ciwo ko don rakiyar marar lafiya, ka ɗaura ɗamarar kujera, ka ja ta sosai. Ka tuna mutum uku ne cikin jirgin Bernard, wanda bai ɗaure ba shi ne ya karye. Kada ka ɓoye nauyin kayanka. In matuƙi ya ce yau iska ba ta da kyau, sai gobe, kada ka matsa masa, ko kai wane ne.

In haɗari ya auku, a kashe taba da duk wata wuta, domin isansi. In babu gobara, kada a fizgo wanda ya ji ciwo, wataƙila wuyansa ko bayansa ya karye. A aika wa likita da jandarma maza-maza. Kada a ɗauki ko guntun ƙarfe, masu bincike suna bukatarsa don su gane dalili.

Wanda kuma tafiya ta yanke masa cikin hamada, ko jirgi ne ko mota, ya zauna kusa da abin hawansa. Ya fi sauƙin gani daga nesa, akwai inuwa, akwai sauran ruwa. Da Bernard da Vasselin ba su komo wurin jirgi ba, da wuya a same su da rai.

Tambayoyi

Ku tattauna waɗannan da malaminku, kowa ya rubuta amsa cikin littafinsa.

1. A wace shekara jirgin Janar Laferin ya faɗi? Kwana nawa Bernard da Vasselin suka yi kafin a same su?

2. Jirgi yana ratsa iska da kilomita 120 a awa. Iska tana zuwa daga gaba da 20. Nawa ne gudunsa bisa ƙasa? In iskar tana baya fa?

3. A garinku, daga ina iska take zuwa da hunturu? Daga ina take zuwa in hadari ya taso?

4. Ku rubuta jimla guda da kalmar hadari, da jimla guda da kalmar haɗari.

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba. Ya gaya wa yara masu kiwo, su ne suka fi kusa da fili. Allah ya kiyaye matafiya, na sama da na ƙasa. Sai mun sadu a darasi na gaba.